Charles Spurgeon, Mai Wa'azin da Ya Koyi Hutawa

Muna tunawa da bayin Allah da suka riga mu. Ga labarin ɗayansu, domin fastocinmu da masu bishara, da ikilisiyoyin da suke kiwo.

An haifi Charles Spurgeon a Kelvedon, wani ƙauye na Ingila, ran 19 ga Yuni 1834. Ubansa da kakansa duka masu wa'azi ne. A watan Janairu 1850, ran wata Lahadi mai tsananin sanyi, ya shiga wata ƙaramar majami'a a Colchester, ya ji bishara, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu. Yana da shekara 17 ya zama fasto a ƙauyen Waterbeach. A 1854 wata ikilisiya ta Landan ta kira shi, bai ko cika shekara 20 ba.

Jama'a suka yi ta tururuwa har majami'a ta kasa ɗaukarsu, sai aka yi hayar wani babban zaure. Ran 19 ga Oktoba 1856, ana cikin sujada, waɗansu suka yi ihu wai gobara ta tashi, alhali kuwa ba wuta. Mutane suka ruga suna tattake juna, har 7 suka mutu, 28 suka ji rauni ƙwarai. Abin ya karya zuciyar Spurgeon. Tun daga ran nan baƙin ciki mai nauyi yakan sauko masa loto loto, har ƙarshen ransa.

Duk da haka aiki ya yi ta ƙaruwa. A 1861 aka buɗe sabuwar majami'a mai ɗaukar mutum wajen 5,000. Ya kafa makarantar fastoci da gidan marayu, kowane mako kuma ana buga wa'azinsa. Yana da wajen shekara 35 sai ciwon gaɓoɓi ya kama shi, daga baya ga ciwon ƙoda. Matarsa Susannah ita ma ta yi shekaru tana jinya.

Cikin wannan wahala ya koyi abin da bai sani ba a ƙuruciya. Da shi ke Lahadi ranar aiki ce ga fasto, sai ya keɓe Laraba domin hutawa. Da hunturu yakan tafi Menton, a bakin teku a kudancin Faransa, ya sha rana, ya sami ƙarfi, ikilisiyarsa kuwa ta yarda. Bai ɓoye wa ɗalibansa rauninsa ba. A littafin laccocinsa na 1875 ya koya musu cewa sau da yawa karayar zuciyar fasto daga gajiyar jiki take fitowa, da zama cikin ɗaki ba iska, da aiki ba sararawa. Ya gargaɗe su su fita su sha iska, kada su ɗauki hutu kamar ragwanci.

Ya yi wa'azinsa na ƙarshe ran 7 ga Yuni 1891. Ya rasu a Menton ran 31 ga Janairu 1892, yana da shekara 57.

'Yan'uwa, mun san fastocin da ke noma da safe, su bi ƙauyuka da rana, su yi wa'azi da dare, ko zazzaɓi na jikinsu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya fara ba shi barci da abinci, sa'an nan ya yi masa magana. Ubangijinmu ma ya kira almajiransa gefe su huta kaɗan.

Fasto, keɓe rana ɗaya a mako, nemi magani da wuri, ka kuma sami ɗan'uwa amintacce da za ka buɗe masa zuciyarka. Ku dattawan ikilisiya, ku taimaki fastonku a gona, ku ɗauke masa waɗansu ayyuka. Gama jikinsa amana ce ta Allah, garken kuwa yana bukatar makiyayi shekaru masu yawa.