Labarin Dorugu, Ɗan Riƙon Baƙi

Ya ku ubanni na ƙasar Gaya da Ajingi, riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya a sami gida inda babu ɗan ƙane, ko maraya, ko yaron da aka kawo daga ƙauye. Domin wannan ina so in ba ku labarin wani Bahaushe wanda ya girma a hannun ubanni uku, ba kuwa ko ɗaya a cikinsu da ya haife shi.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Yana yaro ƙarami aka kama shi bauta, aka kai shi Kukawa ta Barno. Can wani Bature na Jamus, Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Amma kwanan Overweg ya ƙare a 1852 a bakin tafkin Cadi, yaran suka sake zama marasa uba.

Sai abokin tafiyarsa, Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarimu, ya ɗauke su. Suka bi shi har Tumbuktu a 1853, suka komo ta Sakkwato da Kano, suka ƙetare hamada, suka isa Ingila a 1855. Barth ya yi niyya ya maishe su ƙasarsu.

Ananan sai wani mai-bishara, Malam Schön, ya ji labarinsu. Shi kuwa ya taɓa hawan kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Crowther, tun daga ran nan ransa yana wurin harshen Hausa. Ya karɓi yaran cikin gidansa a Chatham, ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya koya musu karatu da rubutu, aka yi musu baftisma. Barth bai ji daɗin wannan ba, har aka yi saɓani tsakaninsu. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Kada mu ɓoye, Malam Schön yana da bukata a wurin yaron. Daga bakin Dorugu ya tsinci kalmomi da tatsuniyoyi da labarin tafiyarsa. Da su ya yi littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Mai riƙo ya ci amfanin ɗan riƙonsa, wannan ba laifi ba ne, gama ɗa ma yana yi wa ubansa noma. Laifi shi ne a ci amfanin yaro a sallame shi hannu wofi, kamar yadda waɗansunmu sukan tura ɗan riƙo kiwo da ɗiban ruwa, na cikinsu kuwa yana makaranta. Malam Schön bai yi haka ba: ya ba shi ilimi, sa'anda ya buga littafin kuma bai ɓoye sunan mai labarin ba. Duk da haka, a ganina shekara 8 ta yi yawa ga yaron da aka raba da danginsa da ƙarfi, ba ya ko jin Hausa a bakin kowa. A kan wannan Barth yana da gaskiyarsa.

Sa'anda ya komo, Dorugu ya yi aikin tafinta wurin Turawa shekaru da yawa. Malam Schön ya rasu a 1889. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Dorugu ya riga ya tsufa, amma ya shiga cikin masu koyarwa, yana koya wa 'ya'yan waɗansu karatun boko da ya samo a gidan riƙo. A Nasarawan nan ya rasu a 1912.