John von Neumann, Mutumin da Ya Koya wa Kwamfuta Jefa Ƙuri'a

An haifi John von Neumann a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 28 ga Disamba, 1903. Tun yana yaro yake raba manyan lambobi da ka, ba alli ba allo. A makarantar sakandare, malaminsa na lissafi, László Rátz, ya lura yaron ya fi ƙarfin darasin aji, sai ya je ya sami mahaifinsa, aka nemo masa malamai daga jami'a. Malamanmu da ke karanta wannan shafi sun san ba kowane malami ke iya yarda ɗalibi ya wuce shi ba.

Ya sami digirin dakta a lissafi a 1926, ya tafi Princeton ta Amurka a 1930. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos, tabon da har yau ake tuna shi da shi.

A can ne, a 1946, abokinsa Stanislaw Ulam ya kawo shawarar a riƙa warware lissafi mai wuya ta hanyar gwajin sa'a sau dubbai. To, amma kwamfuta umarni kawai take bi, ina za ta samo lambobin da ba a san da zuwansu ba? Dabarar von Neumann ko ɗan aji ɗaya zai iya gwada ta. Ka ɗauki 5731, ka ninka ta da kanta, ka sami 32844361. Ka tsamo lambobi huɗu na tsakiya, wato 8443, ka sake ninkawa, haka dai har ka gaji.

Dabarar tana da aibu. Gwada 3792 ka gani: za ta ba ka 14379264, tsakiyarta kuma 3792 ce, an tsaya ke nan. Shi kansa ya san da haka, bai kuma ɓoye ba. Ya zaɓe ta ne don tana da sauri, kuma in ta lalace nan take ake ganewa. Matarsa Klára na cikin waɗanda suka rubuta umarnin irin wannan lissafi ga kwamfutar ENIAC a 1948.

An daɗe da barin dabarar. Harshen Python, alal misali, yana amfani da wata hanya da aka ƙirƙiro a 1997, amma ita ma daga lamba guda take farawa, kamar tasa.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a Washington ranar 8 ga Fabrairu, 1957, yana da shekara 53.