H. G. Wells: Marubucin da Ya Yi Yaƙi a Tsakar Ɗaki

Ni ɗan Mamudo ne, kusa da Potiskum, kuma Ngizimanci muke yi a gida, Hausa a waje na koya. Muna yara mukan gina dawaki da sojoji da yumɓu, mu manna kowane soja a kan ɗan tsingaro don kada ya faɗi. Rundunata nakan shafa mata toka, ta abokina kuwa jar ƙasa, domin in an gwabza kowa ya gane nasa. Sai da na shigo jami'a na ji cewa wani babban marubuci ya taɓa rubuta littafi a kan irin wannan wasa.

An haifi Herbert George Wells a Bromley ta ƙasar Ingila ranar 21 ga Satumba, 1866. Mahaifinsa ɗan ƙaramin mai shago ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar aikin gida. A 1874 ya karye a ƙafa, kuma a kwancen jinya ne ya shaƙu da littattafai. Talauci ya sa aka kai shi koyon aiki a shagon yadi, aikin da ya tsana ƙwarai. A 1884 ya samu tallafin karatu zuwa Landan, inda ya yi ilimin halittu a gaban T. H. Huxley. Daga baya ya shahara da ƙagaggun labarai na kimiyya, irin su The Time Machine (1895) da The War of the Worlds (1898).

A 1913 ya fitar da Little Wars, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin yaƙi da sojojin darma. Tun 1893 kamfanin Britains ke ƙera irin waɗannan sojoji, tsayinsu ɗaya, kusan milimita 54, kowanne da gindinsa. Wells ya raba rundunoni gida biyu, ja da shuɗi. Ana auna tafiya da igiya: sojan ƙasa ƙafa ɗaya, mahayin doki ƙafa biyu. Ana harbi da 'yar igwa mai sifirin, duk wanda harsashin katako ya kayar ya fita daga wasa. Ke nan gindin soja ba ado kawai ba ne, shi ke hana shi faɗuwa da kansa a yi gardama. Har gobe masu wannan wasa kan yi wa dukkan runduna gindi iri ɗaya, da yashi iri ɗaya da launi iri ɗaya, don a gane ta da kallo ɗaya.

A ƙarshen littafin Wells ya nuna cewa wanda ya buga wasan sau kaɗan zai gane irin shirmen da ke cikin yaƙin gaske. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma shi kansa da farko ya goyi bayansa, yana zaton shi zai kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe. Hasashen bai tabbata ba. A littafinsa The World Set Free na 1914 ya hango bam ɗin nukiliya, ya kuma rayu har aka jefa shi a Hiroshima a 1945. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Agusta, 1946.

Shekara ɗari cif bayan fitowar Little Wars, ranar 6 ga Yuli, 2013, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, suka kashe ɗalibai da dama. Tun daga ranar ban sake gina sojan yumɓu ba. Bara na tarar da ƙanena yana jera nasa a gindin darbejiya. Na yi niyyar hana shi, sai na tsuguna na gyara masa wani da ya karkace. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu zaman lafiya, amin.