Sarki Dikko da zaman lafiyar rashin sani

A shekarar 1903 ne Lugga da dakarunsa suka shiga birnin Katsina ta Ƙofar 'Yandaka. A ranar aka gane cewa ganuwa ba ta kare mutanen da ba su san abin da duniya ke ciki ba.

Muhammadu Dikko, wanda ke riƙe da sarautar Durɓi a lokacin, ya ɗauki darasin. An haife shi a 1865, ya hau gadon sarauta a 1906. Iyaye da yawa na ɓoye 'ya'yansu daga makarantar boko, suna ganin nisantarta ya fi kwanciyar rai. Shi kuwa ya tsaya wa ilimi, duk da zargin kusanci da Nasara da hakan ya jawo masa.

A 1921 ya sauke farali, ya kuma ziyarci Ingila. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

Ya rasu a 1944. Sani na hana mai shi barci, amma rashinsa ya fi dare duhu.