William Wadé Harris: fursunan Laberiya da ya yi wa dubban mutanen Kodebuwa baftisma

Bahaushen da ya kwana biyu a Adjamé ko Treichville ya saba ganinsu ranar Lahadi: maza da mata cikin fararen kaya fat, matan suna kaɗa caki suna waƙa, suna rakiyar mai wa'azinsu zuwa majami'a. Su ne 'yan ikkilisiyar Harris. Da yawansu 'yan ƙabilar Ebrié ne, masu ƙasar da birnin Abijan yake zaune a kanta, wato masu masaukin duk baƙon da ya zo neman abinci a birnin. Mutumin da suke amsa sunansa kuwa shi ma baƙo ne. Daga Laberiya ya fito, da Turancin buroka yake wa'azi tafinta na juyawa, kuma duka-duka zamansa a Kodebuwa bai cika shekara biyu ba. A cikin wannan ɗan lokaci ya yi wa mutum sama da 100,000 baftisma a gaɓar Kodebuwa da yammacin Gana.

Mabiyansa annabi suke ce masa. Mai karatu Musulmi zai ji kalmar ta yi masa nauyi a kunne, don haka yana da kyau a sani cewa a bakin waɗannan ikkilisiyoyi tana nufin wanda aka ɗora wa saƙo ya kai wa jama'a, irin Iliya na Tsohon Alkawari, wanda shi Harris ya sha kamanta aikinsa da nasa.

An haife shi wajen shekarar 1860 a ƙauyen Graway, kusa da Cape Palmas a kudu maso gabashin Laberiya, cikin ƙabilar Grebo. Mahaifinsa mai addinin gargajiya ne, mahaifiyarsa Kirista. Yana da kamar shekara 12 aka ba kawunsa, John C. Lowrie, limamin Methodist a Sinoe, riƙonsa. A can aka yi masa baftisma, ya koyi karatu da rubutu da Grebo da Turanci. Da ya tasa sai ya bi sahun samarin yankin, ya shiga aikin lebura a jiragen ruwan Turawa, ya je har Legas da Gabon, daga baya ya dawo gida ya kama aikin gini. Ya auri Rose Farr wajen 1885, suka haifi 'ya'ya shida. A 1888 ya koma ikkilisiyar Episcopal a hannun Bishop Samuel Ferguson, a 1892 aka ɗauke shi malamin makaranta kuma mai koyar da addini, daga bisani ya zama tafintan gwamnati.

Da rayuwar ta tafi a haka, da yau ba wanda ya san shi. Siyasa ce ta juya ta. Mulkin Laberiya yana hannun zuriyar 'yantattun bayin da suka dawo daga Amurka, kuma tsakaninsu da Grebo ba a ga-maciji kan ƙasa da haraji. Harris, wanda aikinsa ya sa shi tsakanin ɓangarorin biyu, ya karkata ga danginsa, ya shiga cikin masu ganin gara Ingila ta karɓi ƙasar. Ya rasa aikin mishan da na gwamnati. Masu nazarin rayuwarsa sun nuna cewa a cikin wannan rigima malamin addinin ya kai ga tsoratar da abokan hamayya da asiri, abin da ya shafe shekaru yana hana ɗalibansa. A watan Fabrairun 1909 ya sauke tutar Laberiya a bakin teku kusa da Harper ya ɗaga ta Ingila. Aka kama shi, aka same shi da laifin cin amanar ƙasa, aka jefa shi kurkuku.

Yana tsare a 1910 yaƙi ya ɓarke tsakanin Grebo da gwamnati, aka murƙushe Grebo, Ingilar da ya sa wa rai ba ta ko waiwayo ba. A wannan hali ne, bisa abin da ya riƙa faɗa har ƙarshen ransa, mala'ika Jibrilu ya zo masa cikin wahayi, ya umarce shi ya tuɓe kayan Turawa har da takalmi, ya watsar da tsafi ya fara da nasa, ya fita ya yi wa'azi yana baftisma. Kowa da yadda zai ɗauki wannan labari. Abin da ba a musu a kai shi ne, mutumin da ya fito daga kurkukun ya ɗauki kansa a matsayin ɓataccen da aka je har inda ya faɗi aka ɗauko, a daidai lokacin da ba shi da aiki, ba shi da mutunci, ba shi da abin da zai nuna. Matarsa ta rasu a shekarar. Da ya fara wa'azi a garuruwan Grebo, mafi yawan mutane cewa suka yi ya taɓu.

Tafiyar 1913

Ranar 27 ga Yuli 1913 ya nufi gabas, ya ƙetare kogin Cavally ya shiga Kodebuwa a ƙasa, ba takalmi. Yana sanye da doguwar farar riga da rawani, a hannunsa sandar gora mai siffar gicciye, da Littafi Mai Tsarki na Turanci, da caki, da ɗan ƙoƙon ruwan baftisma. Mata biyu ne ke tare da shi suna waƙa, Helen Valentine da Mary Pioka. Suka bi gaɓar teku ta Sassandra da Fresco da yankin Grand-Lahou, suka wuce Grand-Bassam, suka shiga ƙasar Nzema ta Gana har Axim a 1914. A can ne lauya J. E. Casely Hayford ya gan shi, ya rubuta ɗan littafi a kansa wanda ya fito a 1915. Sannan suka juyo.

Ƙasar da ya tarar a jigace take. Tun 1908 Gwamna Gabriel Angoulvant yake murƙushe ƙabila bayan ƙabila da bakin bindiga, ga haraji, ga aikin tilas na shimfiɗa layin dogo da aka faro daga Abijan. Boren Abbey na 1910 ya ƙare da jini. Gumaka da layun da aka dogara da su ba su tare harsashi ba, amma tsoronsu bai bar zukata ba, matsafa ba su daina karɓar awaki da kuɗi ba. Limaman Katolika na Lyon sun iso tun 1895, sai dai bayan kusan shekara ashirin yawan mabiyansu bai taka kara ya karya ba.

Idan Harris ya shiga gari, da waƙa da kaɗa caki yake farawa har jama'a su taru. Sai ya gaya musu Allah ɗaya ne, ya fi duk abin da suke tsoro ƙarfi, su kawo kayan tsafi a ƙone. Wanda ya yarda zai durƙusa ya riƙe sandar gicciyen, a ɗora masa Littafi a ka, a zuba masa ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wasu jikinsu kan ɗauki rawa, sai ya tsaya a kansu da addu'a har su natsu. Shi ke nan. Ba jarrabawa, ba jira, ba ko anini. Abincin da aka kawo masa yakan ci, abin da ya ragu ya raba wa matalauta.

A nan ne ya saɓa da 'yan mishan, kuma a nan ne labarinsa ya taɓa zuciyar koyarwar Kirista kan ceto. Tsarin mishan a lokacin shi ne mai son shiga ya yi shekaru yana ɗaukar darasi, ya gyara halinsa, in yana da mata fiye da ɗaya ya sallami sauran, sannan a duba ko ya cancanci baftisma. Harris ya juya tsarin. Mai mata huɗu ya karɓe shi da matansa. Boka da matsafin da gari ke tsoro, wanda mishan ke gani a matsayin babban abokin gaba, shi yake fara nema, kuma da dama daga cikinsu sun ƙone kayan aikinsu da hannunsu. Koyarwa za ta biyo baya; wanka da shiga ƙarƙashin kariyar Allah su ne farko.

Wannan ba sabon abu ba ne a Linjila. A sura ta 15 ta Luka, Yesu ya ba da misalai uku a jere don amsa wa masu gunagunin cewa yana cin abinci da masu zunubi: makiyayin da ya bar garke ya bi tunkiya ɗaya da ta ɓace, matar da ta share ɗaki kaf don neman tsabar kuɗi guda, da uban da ya hango ɗansa almubazzari tun daga nesa ya ruga ya tarye shi. A duka ukun mai abu ne ya motsa, kuma murnar tasa ce. Bulus ma ya rubuta wa Romawa cewa ƙaunar Allah ta bayyana ne da Almasihu ya mutu domin mutane tun suna cikin zunubinsu, kafin su gyara komai. 'Yan mishan sun san waɗannan ayoyi sarai, suna karanta su kowace Lahadi. Fursunan Harper ne ya ɗauke su ya mai da su tsarin aiki.

Sai dai kada a mai da shi abin da ba shi ba ne. Wa'azinsa na da zafi, kuma tsoro na cikin abin da ya kawo mutane. Yakan yi kashedin azaba ga wanda ya ɓoye gunki ko ya yi aiki ranar Lahadi, kuma labarai sun bazu na waɗanda suka ƙi ji suka gamu da mutuwa, da na jiragen da suka ƙone saboda an yi lodi ranar hutu. Wasu 'yan mishan sun ce mabiyansa sun san ikon Allah fiye da yadda suka san gicciyen Almasihu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. A ganina dai, mutumin da ya rayu cikin fargabar mayu da fushin gumaka, in aka ce masa akwai wanda ya fi su ƙarfi kuma ya karɓe shi kyauta, ya riga ya ji rabin saƙon, ko da bai iya jera shi a kalmomin katikisim ba.

Kora daga Bingerville

Da ya dawo daga Gana a rabin ƙarshe na 1914, taron ya wuce misali. A Bingerville, babban birnin mulkin mallaka na lokacin, wanda aka gina a kan ƙauyen Ebrié mai suna Adjamé-Santey, mutane sun riƙa zuwa a kwale-kwale ta tafkin Ebrié, wasu kuma da ƙafa daga cikin daji, gari guda da hakiminsa. A kowane ƙauye yakan ce su gina ɗakin sujada, su zaɓi mai wa'azi, su naɗa dattawa 12 da za su kula da jama'a, waɗanda ake kira manzanni. Inda akwai majami'ar Katolika ko ta Methodist, can yake tura su. Inda babu, su sayi Littafi Mai Tsarki su ajiye, su jira malaman da za su zo su karanta musu. Da suka tambaye shi waƙar da za su yi, ya ce su ɗauki muryoyin da suke yabon sarakunansu da su, su sa sunan Allah a ciki. Wannan ne asalin waƙoƙin da ake ji ranar Lahadi da harsunan Ebrié da Dida.

Da farko hukuma ba ta ƙi shi ba, domin yana hana sata da maye, yana cewa a yi biyayya. Amma yaƙin duniya ya ɓarke a watan Agustan 1914, an kwashe Faransawa da dama zuwa fagen fama, ga kuma wani mai jin Turancin Ingila, wanda ya taɓa ɗaga tutar Ingila, yana tara dubbai, mataimakansa kuma akawuna ne 'yan Gana da Saliyo. A farkon 1915 aka kama shi tare da mawaƙansa, aka lakaɗa musu duka, aka mayar da su Laberiya. Helen Valentine ba ta daɗe ba ta rasu sakamakon dukan. Aka rushe ɗakunan sujada da dama. Sau takwas yana ƙoƙarin komawa ana tare shi a iyaka.

Jama'ar kuwa suka jira. A 1924 William Platt, ɗan mishan na Methodist daga Ingila mai zama a Porto-Novo, ya ziyarci ƙauyukan tafkin, ya tarar da dubban mutane suna taruwa a majami'un da suka gina da kansu, Littafi na kan tebur, mafi yawansu ba su iya karanta shi ba. Shekara goma ke nan ba fasto, ba albashin kowa. Daga wannan taro ne ikkilisiyar Methodist ta Kodebuwa ta samu gindinta, Katolika ma ta ga majami'unta sun cika.

Zaman bai tafi sumul ba. 'Yan mishan sun kawo kuɗin ikkilisiya, sun kuma dawo da dokar mace ɗaya, wato ƙofar da Harris ya buɗe suka rage mata faɗi. A 1926 suka aika Pierre Benoît ya same shi a Cape Palmas, ya dawo da takardar da ke cewa mabiyansa su bi Methodist. A 1928 wata tawaga ta Ebrié, cikinta har da John Ahui na Petit-Bassam, ta je da nata kuka. Tsohon, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama tun 1925, ya saurare su, ya ba Ahui gicciye da Littafi. Daga nan ikkilisiyar Harris mai zaman kanta ta samo asali, duk da cewa shi bai taɓa shirin kafa tasa ba.

Ya rasu a 1929 cikin talauci, a gidan 'yarsa kusa da Cape Palmas, aka binne shi bisa tsarin Episcopal. Shekara biyar bayan haka aka mayar da babban birni Abijan, aka sa wa Anoumabo sunan Treichville, ƙauyukan Ebrié da suka ƙone gumakansu a 1914 suka zama unguwannin da baƙi daga Nijar da Najeriya da Mali suka cika. Ahui ya tara ikkilisiyar a taron 1955, ya shugabance ta har rasuwarsa a 1992, kuma a 1998 ta shiga Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya.