Harry Bolton Seed: Masanin da ya bayyana yadda yashi ke cin amanar tushen gini

An haifi Harry Bolton Seed a garin Bolton na Ingila a ranar 19 ga Agusta, 1922. Ya yi karatun injiniya a King's College ta Jami'ar Landan, ya sami digirin digirgir a 1947, sannan ya wuce Jami'ar Harvard a Amurka, inda ya ɗauki ilimin halayen ƙasa a hannun Karl Terzaghi da Arthur Casagrande. A 1950 ya fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Cikin bincikensa na farko-farko akwai yadda ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ke lotsawa idan motoci suka yi ta bin ta. Girgizar ƙasar Niigata a Japan, a ranar 16 ga Yuni, 1964, tana cikin abubuwan da suka sauya masa alkibla. Benaye sun kishingiɗe ba tare da sun farfashe ba, domin yashin da ke ɗauke da su ne ya kasa.

A 1966, Seed da ɗalibinsa Kenneth Lee suka nuna dalilin a ɗakin gwaji. Yashi mai sako-sako da ya ƙoshi da ruwa yana iya jure nauyi matuƙar ba a motsa shi ba. Amma idan aka yi ta dannawa ana saki, kowane zagaye yana tura ƙwayoyinsa su matse, ruwan da ke tsakaninsu ya rasa mafita, ƙarfin matsinsa ya yi ta hauhawa har ƙwayoyin su daina riƙe juna. Daga nan yashin sai ya koma kamar kunu. A 1971, shi da Izzat Idriss suka fitar da hanya mai sauƙi ta auna wannan haɗari kafin a aza tushe.

Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo ta kimiyya ta Amurka a 1987. Ya rasu a ranar 23 ga Afrilu, 1989.

Amfanin aikinsa bai tsaya ga ƙasashen da ake girgizar ƙasa ba. A Bauchi, rugugin manyan janareto da zirga-zirgar tireloli ma nauyi ne mai maimaituwa, kuma yashin da aka cike fili da shi ba tare da an daddale shi ba yakan zauna sannu a hankali, bango ya tsage. Shi ya sa injiniyoyi ke gwada ƙasa tun kafin a haƙa tushe.