Agustin, Ɗan Monika

Maƙwabtanmu 'yan Katolika, idan sun gina makaranta, su kan zaɓi wani waliyyi su sa mata sunansa, domin yara su yi koyi da shi. Mu ba mu roƙon matattu, gama Yesu Almasihu kaɗai ya ke tsakaninmu da Allah. Amma cikin sunayen da su kan zaɓa akwai wanda mu ma muna da rabo a cikinsa, watau Agustin. Abin mamaki kuwa, sa'ad da ya ke yaro ba ya son makaranta.

Mutumin Afirka ne. An haife shi a shekara ta 354 a Tagast, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, arewa da Nijar. Uwarsa Monika mai bi ce. Ubansa Fatirikiyus kuwa bai karɓi baftisma ba sai gab da mutuwarsa. Da yawa cikinmu sun san irin wannan gida.

A makaranta ya sha bulala, ya kuma ƙi jinin harshen Girka. Yana da shekara 16, shi da abokansa suka shiga garkar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan itace, suka zuba wa aladu. Ba yunwa ta sa su ba. Da ya manyanta wannan sata ta dame shi ƙwarai, gama ya gane muguntar kanta ya ke so.

Ya tafi Kartaj karatu, ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa. Ya raina Littafi Mai Tsarki, yana ganin maganarsa ba ta da ado, ya bi addinin Mani shekara 9. Monika ta yi ta kuka, tana addu'a. A 383 ya ruɗe ta a bakin teku, ya shiga jirgi da dare zuwa Roma. Ba ta daddara ba, ta bi shi har Milan, inda ya sami aikin koyar da iya magana.

Can ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros. Da fari gwanintar bakinsa kaɗai ya je ji, amma maganar ta shige shi. Ya san gaskiya, sha'awar jiki kuwa ta riƙe shi. A 386, yana kuka cikin wani lambu, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya fāɗa a ƙarshen sura 13. Nan ya tuba. Ambros ya yi masa baftisma a Idin Tashin Ubangiji na 387, shi da ɗansa. A shekaran nan Monika ta rasu a Ostiya, kan hanyarsu ta komawa gida, bayan ta ga abin da ta roƙa.

Ya zama bishop na Hippo, garin da a ke kira Annaba yanzu, ya yi fiye da shekara 30 yana kiwon ikilisiya. Ya yi gardama da koyarwar Felagiyus, ya tsaya a kan cewa alherin Allah ne ke ceton mutum, ba ƙoƙarinsa ba. Shekara dubu da 'yan kai bayansa Martin Luther, wanda ya fito daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, ya karanta littattafansa da kyau.

A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Agustin bai bar jama'arsa ba. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sa aka rubuta Zabura ta tuba aka kafa a bango inda zai iya karantawa. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da dukiya.